Bazarar da Firij Ya Yi Cizo

Bazarar bana ta zo da fushi. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, kafin azahar kuwa ko kaza ba ta yarda ta taka tsakar gida. Jiya na je ɗaukar ruwan sanyi, jikata ta ga na fara taɓa murfin firij da bayan yatsa kafin in kama shi, ta fashe da dariya, wai Hajiya tana gaisawa da firij. Na ce ta yi dariyarta, ba laifinta ba ne. Ita ta buɗe ido ta tarar da faifan sola a kan kusan kowane rufi a Gyadi-Gyadi, in wuta ta yi gardama a kira yaro a waya ya zo da jakarsa. Ni kuwa na san shekarar da namu ne kaɗai a layin, kuma saura ƙiris firij ya raba mahaifina da ɗakinsa.

'Yan shekaru ne bayan soja sun koma bariki. Masu neman ƙuri'a sun shigo layinmu da kiɗa da alkawarin wuta ba ɗaukewa, ba a jima da rantsar da su ba taransifomarmu ta kama da wuta. Muka jira gyara har muka gaji. Da ɓarayi suka ga wayoyin suna zaman banza a kan turaku, sai suka taimaka suka kwashe. Daga nan kowa ya san matsayinsa, mai hali ya sayi janareto, marar hali ya goge fitilarsa.

Baba tsohon direban babbar mota ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Agadas. Ya ce ya sha ƙarar inji ta ishe shi, ba zai kawo ta gindin gadonsa ba. Amma likita ya ɗora shi a kan allurar ciwon suga, ita kuwa 'yar kwalbar maganin ba ta son zafi ko kaɗan. A can cikin Sahara ya taɓa ganin wani ɗan asibiti da ke sanyaya magani da rana tsagwaronta, abin bai bar ransa ba. Ya sa tsofaffin abokan tuƙinsa suka samo masa faifai na hannu daga Kwatano, ya haɗa da baturan babbar mota da inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Wani Inyamuri mai aikin wuta da ke da shago a Unguwa Uku, muna ce masa Baban Chika, shi ya haɗa komai a ƙarshen damina. Ƙwan fitila, fanka ɗaya, rediyon Baba, da ɗan ƙaramin firij a falo. Har sanyi ya zo ya wuce ba mu ji kansu ba.

Da zafi ya fara shigowa sai ƙusa ta soki Baba a ƙafa. Ciwon ya ƙi warkewa, har sai da aka cire masa yatsa. Ya dawo gida ba ya iya taka ƙasa. Ni ce auta, kuma ni kaɗai ce hannuna ba ya rawa in na riƙe sirinji, don haka maigidana ya yarda na baro Daurawa na tare wajen Inna don jinya.

Bazarar nan ba ta da tausayi. Rijiyarmu ta ƙafe har guga yana fitowa da taɓo. Sai mu tsaya a ƙofar gida muna leƙen 'yan ga-ruwa, in sun ɓullo a yi ta rige-rige, wanda ya samu jarka biyu ranar ya yi sa'a. Ruwan ma da ɗuminsa yake zuwa, yana warin roba. Ba ruwan da yake yi mana aiki ɗaya. Na wanke shinkafa tunkiya ce ke sha. Na alwala kuwa a kwano muke tarewa, har da na Baba da nake kai masa bakin gado, in an gama in yayyafa a daɓen ɗakinsa ko zai ɗan sha iska. Da asuba in yi masa allura, Inna ta dama kunu marar sukari yana sha yana tsaki. Da hantsi in wanke ciwon. Daga azahar zuwa la'asar ba mai motsi, sai fanka tana juya iska mai zafi, mu kuma muna kwance muna sauraronta.

A irin wannan lokaci matsalar farko ta ɓullo. Da firij ya yi ƙyat zai tashi, sai fanka ta yi sanyin jiki, inbata ta yi wani siririn kuka, komai ya ɗauke ɗif. In na kunna, a jima kaɗan a sake. Na aika a kira Baban Chika, aka ce ya tafi garinsu binne mahaifiyarsa, su kuwa nasu binnewar ba irin tamu ba ce ta yini ɗaya.

Baba yana kwance ido rufe, ashe kunnensa na wajen. Ya ce, "Auta, wannan ba ƙarancin rana ba ne. Rana ai har ta yi yawa. Je ki dubo mini kan baturan nan."

Baturan suna wani ɗan ɗakin langa-langa a bayan gida, da na buɗe sai da zafi ya mare ni. Kawunansu sun yi tsiro, wani gari-gari fari da kore ya lulluɓe su. Na dawo na faɗa masa. Ya sa na cire wayoyin, na jiƙa kanwa a ruwan zafi na wanke kawunan, na kankare da wuƙa har dalma ta fito tana ƙyalli, na ɗaure da sifana. Ya ce in buɗe murafan in leƙa. Ruwan ciki ya ja baya sosai. Inna ta ce ga sauran na jarka, ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce kada wanda ya kuskura, sai ruwan batir na ainihi. Na yafa mayafi na taka har Unguwa Uku wajen masu caji, kwalta tana kama mini takalmi, na sayo.

Abin ya yi sauƙi amma bai daina ba. Baba ya ce in jira firij ya tashi, in bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da hannu. "Wadda kika ji ta ɗau zafi, ita ce ɓarauniyar." Na same ta, wata 'yar siririya mai tsawo tsakanin batir da inbata, robarta har ta yi laushi. Ya sa na jawo tsohon akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, na ciro wata jibgegiyar wayar mota. Abokansa na majalisa suka zo suka kinkimo baturan daga wancan gidan wuta suka dawo da su inuwar zaure, kusa da inbata. Ranar firij ya tashi fanka ko gezau ba ta yi ba. Na yi guɗa, Inna ta harare ni ta ce gidan majinyaci ne.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Rediyon Baba ya fara wani gurnani a ƙarƙashin muryar mai labarai, zuuu, ba ya tsayawa. Ban kula ba. Wata safiya ina wanke ciwon na ji Inna ta ƙwalla salati, kwano ya faɗi. Na fito na same ta zaune dirshan a ƙasa tana riƙe da hannunta na dama, idonta waje. Ta ɗauraye hannu ne ta je ɗauko mini kwalbar, ƙafarta ba takalmi, firij ya fizge ta ya yar.

"Ya cije ni," ta ce. "Wallahi abin nan ya cije ni."

Ta miƙe ta fizge wayarsa daga bango. Ta ce ba za ta zauna da abin da zai kashe mata jika ba, tunda yara na shigowa neman ruwan sanyi. Ta sa kwalbar a kofi ta saka cikin randa, ta ce haka iyayenmu suka sanyaya komai. Amma randar da ake zuba mata ruwa mai ɗumi a kwashe kafin ya huce, wane sanyi gare ta? Na sa silifa, na naɗe hannu da tsumma, na mayar da wayar. In na fita kemis ko na leƙa 'ya'yana a Daurawa, in dawo in tarar ta zare. In mayar, ta zare. Mun yi faɗan da ban taɓa yi da mahaifiyata ba, ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Ina jin haushinta, kuma ina ganin yadda hannun ya ƙi ɗaukar ludayi, in rasa wa zan ba gaskiya.

Na sayo testa, ɗan sukundireban nan mai ƙwai a gindi. In na ɗora a jikin firij sai ya kawo ja. Na nuna wa Baba. Ya ce shi batir ya sani, wutar da ta wuce inbata ba yarensa take ji ba. Na cire fanka, ja. Na cire rediyo, ja. Na canza wa firij soket, ja. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wata rana sai in ɗora in ga ba komai, rediyo ya washe, in kama murfin da hannu lafiya lau. Kafin in gama murna, washegari ya dawo.

Kwalbar da ta yi ta yawo tsakanin firij da randa ta gaji. Na lura ruwanta ya yi ɗan gudaji, na ce ko idona ne. Baba ya fara shan ruwa ba ƙoshi, leɓensa ya bushe. Wata azahar na shiga da abinci ya dube ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. Ban san lokacin da tiren ya bar hannuna ba. Tsoro irin na ranar ban sake jinsa ba sai a ɗakin haihuwa.

Mun yi kwanaki a asibiti. Babban wanmu, Yaya Sale, ya taso daga Kaduna. Washegarin da aka sallamo mu ya shigo da wani mai gyara, ya ce a nuna masa dodon. Mutumin ya ɗora testa, ba komai. Ya cire takalmi ya kama firij da hannu biyu, har da rungumarsa. Ya ce, "Alhaji, lafiyarsa ƙalau. Ka san mata da tsoron wuta."

Na ji kamar in ɗauke shi da mari. Na ce, "Yaya, wallahi yana ja. Yau ne bai ja ba."

Yaya bai yi mini tsawa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Auta, ko yana ja ko ba ya ja, ni abin da na gani shi ne maganin Baba ya lalace a gidan nan. Gidana akwai janareto, maƙwabcina likita ne. Ran Asabar zan dawo da mota in tafi da shi."

Baba ya ji daga ɗaki. Ya ce, "Sale, daga ɗakin nan sai maƙabartar Tarauni. Ba zan je in mutu ina kallon silin ɗin wani ba."

"Baba, ba mutuwa za ka je yi ba. In na bar ka a haka, me zan ce wa Allah?"

Gaskiya Yaya ya faɗa, shi ya sa ta yi ciwo. Bayan ya tafi na shiga na tarar Baba ya juya fuska bango, kafaɗarsa tana motsi. Mutumin da ya kwana da mota a cikin rairayi ba ruwa bai yi kuka ba, ga shi yana yi saboda firij. Na fita na ja ƙofar don kada ya san na gani.

Kwanakin da suka biyo baya testa ya koma ja. Inna ta fara ninke masa kaya a jaka tana sharar ido. Ni kuwa ruwa ya ƙare wa ɗan kada, duk abin da zan cire na cire, duk abin da zan ɗaure na ɗaure. Ran Alhamis da safe ina masa allura ya ce, murya ƙasa, "Auta, in mota ta yi ciwo yau, gobe ta warke, jibi ta koma, ba motar ake tuhuma ba. Ranar ake tuhuma. Me kuka yi ranar da mutumin Sale ya zo?"

Na ce ba mu yi komai ba. Shara, girki. Sai wanki, don Inna ta wanke zannuwan da muka dawo da su daga asibiti. Na tsaya da sirinji a hannu. Wancan karon ma da firij ya yi lafiya, da safen Inna ta yi wankin shimfiɗarsa. Ita kuwa ba ta yin babban wanki sai a wuri ɗaya, kan wani faffaɗan dutse da ke jikin katanga kusa da zaure. A kan dutsen nan Baba yake alwala tun ina goye, shi da abokansa in sun taso daga majalisa za su masallaci. Tunda ya kwanta ba wanda ya sake tsugunawa a wurin, ƙasar ta bushe har ta dare.

Na sunkuci bokitin da ke cike a madafa. Inna ta biyo ni tana cewa, "Ke, ruwan girkin ne! Kin haukace?" Na sheƙa shi gaba ɗaya a gindin dutsen. Ƙasar ta shanye kamar ba a zuba ba. Inna ta riƙe baki, ta ce yau almubazzaranci ya shigo gidanta da rana tsaka. Na kunna rediyo, na zauna a gaban firij da testa a hannu, gumi yana bin bayana. Da farko ja. Na jira. Gurnanin ya fara ja da baya, muryar mai labarai tana fitowa. Na sake ɗorawa, jan ya dushe. Can an jima na ɗora, babu.

Na koma gindin dutsen na tona da tsohuwar wuƙa. Ko taƙi ban yi ba na ci karo da wata koriyar waya da ta biyo ƙarƙashin katanga, ɗaure da kan wani ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, ga gawayi kewaye da shi. Ban tsaya wanke hannu ba na nufi Unguwa Uku. Matar Baban Chika tana shago tana fifita da kwali, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Na kwatanta mata abin da na gani.

Ta ce, "Ai ƙarfen ƙasa ne. Shi ke shanye wutar da ta ɓace hanya, don kada ta bi jikin mutum. Amma sai ƙasar na da laima yake aiki. Shi ya sa in maigida ya shiga gidan Musulmi, abin da yake fara tambaya ina ake alwala. Ya ce nan ne kaɗai wurin da ya tabbata ba za a manta da ba shi ruwa ba."

Da na kawo wa Baba labari ya yi dariyar da har sai da tari ya sarƙe shi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ƙusar nan. Inna ta ce to yanzu sai a riƙa sayen ruwa ana ba ƙasa, a wannan marra? Ya ce ba za a ƙara ko kofi ɗaya ba. Ruwan alwalar da ake tarewa a kwano shi zai koma inda ya saba zuba. Na ce to zan riƙa kai kwanon in juye. Ya ce a'a. "Wata nawa ina kwance ana juya ni kamar buhu. Ashe akwai aikina a gidan nan da ba mai yi. Ku kai ni bakin aiki."

Aka aika wa abokansa. Da azahar suka zo suka ɗora shi a kujerar katako, biyu gaba biyu baya, suna nishi suna tsokanarsa wai ya fi lodin gyaɗa nauyi. Na ɗaure masa ƙafar da leda na ɗora a kan turmi. Ya karɓi buta da hannunsa. Da ya gama su ma suka tsuguna ɗaya bayan ɗaya.

Ran Asabar Yaya ya iso ana kiran azahar, ya tarar da layin tsofaffi da butoci, Baba a kan kujera yana shafar kai. Na ba shi labari a tsaye, ina haɗa kalma da kalma don sauri. Ya shiga falo ya cire takalmi da safa, ya tsoma hannu a ruwa, ya kama murfin firij ya riƙe. Ya daɗe a haka. Ya buɗe ya ɗauki kwalbar ya kara a kumatunsa. Sannan ya fito ya tsuguna a gaban kujerar.

Ya ce, "Baba, in aka manta rana ɗaya fa?"

Baba ya dube shi ya ce, "Tun da aka haife ka, ka taɓa ganin na manta da salla?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, buta ya nema. Washegari ya koma Kaduna shi kaɗai, Inna ta zazzage jakar ta mayar da kayan cikin adaka.

Haka muka ƙarasa bazarar. Zafi bai ragu ba, ruwa bai yi araha ba, ƙafar ma ba ta warke ba. Amma kafin ladan ya buɗe baki Baba ya fara cewa ina masu ɗaukarsa, kada ya makara. In baƙo ya zo gaishe shi, ba ya barinsa ya tafi sai ya yi alwala a dutsen, ko da kuwa da alwalarsa ya shigo. Hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas yana watsewa, mu bi shi da ido mu koma ɗaki.

Ran da ruwan ya sauka, la'asar ce. An fito da Baba kenan iska ta juya, ta kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri. Muka ja kujerarsa ƙarƙashin rumfa. Ɗigon farko ya buga kwano kamar an watsa tsakuwa, sai kuma ya ɓarke gaba ɗaya. Inna da ni muka yi ta jera bokitai da tukwane a bakin indararo, yara a waje suna ihu. Da na waiwayo na ga Baba bai kalli sama ba. Dutsen yake kallo, ruwa ya taru a gindinsa har ya shafe shi.

Ya miƙo mini butar da ke cinyarsa, ya ce, "To, Auta, an karɓe ni. Na sauka daga aiki."

Na yi dariya na karɓa. Inna ba ta yi ba, ta fi ni sanin mijinta. Damina ba ta gama zama ba muka rasa shi, da hantsi, a kan gadonsa, a ɗakin da ya gina da guminsa.